Itace, gawayi ko gas: da me amarya za ta fara girki a Zariya?

Ana saura wata biyu bikin ƙanwata muka zauna a ɗakin Inna a cikin birni muna lissafin kayan kicin. An gama maganar tukwane, an gama ta kuloli da farantai, sai aka zo kan abin da za a ɗora tukunyar a kai. Nan baki ya rabu. Gwaggo ta ce ita dai kada a kai wa yarinya bam cikin gida, a saya mata kurfoti mai kyau da buhun gawayi biyu kamar yadda ta yi wa nata 'ya'yan. Inna ta ce ko me aka saya, ƙarshenta dai itace za a koma wa, domin shi ne ba ya yankewa. Amarya ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Sai da na fito zaure zan tafi ta biyo ni ta riƙe mini mayafi, ta ce, "Yaya, ke kin yi girki da dukansu. Don Allah ki gaya mini gaskiya."

Na yi da dukansu kuwa. Shekaruna na farko na aure a babban gida na yi su, can wajen Ƙofar Doka, inda ranar girkina nake tuƙa tuwon mutum sama da 20 a murhun duwatsu uku. Da muka koma haya a Tudun Wada, gidan da maƙwabta ba sa jure hayaƙi, sai na koma gawayi da risho. Yanzu a Samaru muke, kuma yawancin girkina da gas ne. Amsar da na ba ta ita ce nake rubutawa a nan, tare da lissafin da na zauna na yi daga baya, domin na ga tambayar ba ta gidanmu kaɗai ba ce.

Guda biyu, risho da murhun lantarki, ba sa buƙatar dogon bayani. Risho ya yi zamaninsa. Tun da gwamnati ta janye tallafin kananzir a 2016 kuɗinsa ke hawa, har lita ta zo ta fi ta fetur tsada, ga warin da yake bari a abinci idan lagwani ya tsufa, ga gurɓataccen kananzir da ya sha ƙona mutane a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2014 ta ce ba ta goyon bayan a riƙa girki da shi a gida. Murhun lantarki kuwa babu abin da ya kai shi tsafta a cikin ɗaki, amma duk mazaunin Zariya ya san ba a ɗora sanwar rana bisa wutar da ba a san lokacin zuwanta ba. In akwai shi a ajiye, ranar da aka kawo wuta a mora. Zaɓin gaske yana tsakanin itace, gawayi da gas.

Ba zan zagi itace ba, da shi aka raine mu. Yana da abubuwan da sauran biyun ba su da su. Mai ɗan kuɗi kaɗan a hannu zai sayi ɗauri ɗaya a ƙofar gida ya ci abincin ranar. Tukunya komai girmanta tana zama a kansa, shi ya sa ko gidan da ke da gas, ranar suna ko biki sai an kafa murhu a tsakar gida. Tuwon gidan yawa, wanda sai an dafe tukunya da ƙafa ana juya muciya da hannu biyu, ba ya yiwuwa a kan ɗan ƙarfen gas. Ga ruwan wankan jego na kwana 40, safe da yamma, wanda babu magidancin da zai iya dafa shi da gas bai ji a jikinsa ba. Tokar ma ba a zubar da ita a banza: ana goge tukunya da ita, ana kai ta gona.

Illarsa kuma wadda ta zauna gaban murhu ce ta san ta. A damina itace ya jiƙe, kina hurawa kina hawaye, goyo a bayanki yana shaƙar abin da kike shaƙa. Da yawanmu mukan kama wutar da leda ko guntun roba ko tsohon silifa, kuma wannan baƙin hayaƙin ya fi na itacen kansa guba; in ba a ɗauki komai daga rubutun nan ba, a daina wannan, a nemi ƙirare ko totuwar masara ko busasshen kara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki da na ɗumama ɗaki ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Cututtukan su ne waɗanda muke gani kullum ba mu danganta su da murhu: ciwon huhu ga jarirai, tari da sarƙewar numfashi ga tsofaffi mata, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, yanar ido. Surukata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe sigari ba, amma shekarunta na ƙarshe ba ta iya tafiya daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya ta huta. Abin da likita ya fara tambayarmu shi ne shekara nawa ta yi tana girki da itace.

Sannan murhun duwatsu uku mai ɓarna ne. Idan aka kasa zafin itacen kashi 10, da ƙyar kashi ɗaya da rabi ke shiga tukunya. Sauran yana bin gefe, yana bin iska, yana gasa ƙafafun mai girki.

Gawayi shi ne wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin shi ya fi yaudarar ido. Na yi shekaru ina ganin na ci gaba da na bar itace na koma gare shi. Babu hayaƙi, gindin tukunya ba ya yin baƙi sosai, ana iya girki a baranda ba wanda ya yi ƙorafi, garwashinsa yana daɗewa, wake da ganda suna nuna a kansa a hankali ba sai an tsaya a kai ba. Ga guga, ga turaren wuta, ga gasa masara da tsire. Duk gaskiya ne.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne hayaƙin da ban gani a barandata ba an riga an tayar da shi a daji. Yadda ake yin gawayi a ƙasarmu shi ne a sare itatuwa, a jera gumagumai, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta yi kwanaki tana ci a hankali. A irin wannan ramin, kafin a samu kilo ɗaya na gawayi sai an ƙona kilo 6 zuwa 8 na itace, wani lokaci har 10 idan mai aikin bai ƙware ba. Fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itacen a can yake tashi, babu tukunyar da ta amfana. Buhunan da muke gani jere a gefen hanyar Kaduna da ta Jos, kowanne ɗaya tarin itace ne da ya ninka shi sau da yawa.

Kuma ba kowane itace ake so ba. Mai sayen gawayi ya san mai kyau: mai nauyi, mai ƙara kamar ƙarfe idan an buga, wanda ba ya tartsatsi. Wannan daga itatuwa masu tauri yake fitowa, irin su ƙirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin darajar gawayinta, da marke, da doka wadda ta cika dazukan ƙasar Zazzau a da, da kaɗanya. Kaɗanya takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, in ta fara kuma sai ta ciyar da jikoki da tattaɓa kunne: a sha 'ya'yan, a yi man kaɗe, matan ƙauye su samu na kashewa. Ɗorawa ma ba ta tsira ba, alhali daga kalwarta daddawar miyarmu ke fitowa. A da manomi ba ya sare waɗannan biyun ko da a tsakiyar gonarsa suke. Yanzu buƙatar birni ta sa ana kayar da su a yini ɗaya. Ba na ganin laifin mai ƙona gawayi shi kaɗai, talauci ne ya tura shi, kuma mu ne muke saye. Duk lokacin da na ji ana kukan tsadar daddawa da man kaɗe a kasuwar Sabon Gari, buhunan nan nake tunawa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi na hayaƙi saurin kisa. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, kasala da jin barci, shi ya sa wanda ta kama yakan kwanta ne maimakon ya gudu. Sanyin Zariya a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, kuma kusan kowace shekara sai an ji labarin waɗanda suka shiga ɗaki da kaskon wuta suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari babu su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da kada mu bar wuta a gidajenmu idan za mu yi barci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Amarya da ango a ɗaki ciki da falo, a watan sanyi, da kurfoti a kusa, wannan shi ne ya fi ba ni tsoro a shawarar Gwaggo, duk da na san don ƙauna ta faɗa.

Yanzu ga lissafin da ya sauya mini tunani. Kilo ɗaya na gas ya fi kilo ɗaya na gawayi ƙarfin wuta da kusan rabi, ya kuma ninka na busasshen itace kusan sau uku. Bayan haka, a kan gas fiye da rabin zafin yana shiga tukunya, a kurfotin ƙarfe na gargajiya wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne, a duwatsu uku kuma abin da na faɗa a sama. Idan aka haɗa biyun, girkin da kilo 1 na gas zai yi yana cin wajen kilo 4 na gawayi, ko wajen kilo 12 na itace. To amma kilo 4 ɗin nan na gawayi, sai da aka ƙona itace kilo 25 zuwa 30 kafin a same shi. Ma'ana, matar da ke girki da gawayi a kurfoti tana cin daji ninki biyu na wadda ke hura itace kai tsaye. Ni da nake ganin na fi matan babban gidanmu wayewa a Tudun Wada, ashe na fi su ɓarna.

Wannan lissafin shi ne kuma ma'aunin kuɗi. Ba zan rubuta farashi ba, domin kafin a karanta ya sauya. Abin da za a yi shi ne a tambayi kuɗin kilo ɗaya na gas yau, a kwatanta da kuɗin kilo 4 na gawayi. A ɗora buhun a sikelin masu hatsi a san nauyinsa na gaskiya, a cire garin da ke kwance a ƙasan buhu da ɗanyun guntaye masu hayaƙi, waɗanda an biya kuɗinsu amma ba sa girki. Wanda ke sayen buhu guda a bazara, kafin ruwa ya sauka kaya su yi tsada, sau da yawa zai ga gawayi ya fi masa sauƙi. Wadda kuwa ke aiken yaro kullum ya sayo ƙulli a leda, in ta tara kuɗin wata, takan tarar ta kashe daidai da na gas ko fiye, ga tarin ledoji da ke ƙarewa a kwata, su toshe magudana, wasu su gangara Kubanni. A ƙara da abin da ba ya shiga lissafi: don shayin mutum biyu da safe sai an hura kurfoti guda, a jira ya kama, a dafa na minti biyar, sauran garwashin ya cinye a banza. Gas kuwa ana murɗawa ya kama, ana murɗawa ya mutu. A ƙaramin gida mai ƙananan girke-girke, nan ne gas ke cin riba.

Gas ma yana da nasa nauyin, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko kuɗin shiga: tukunyar gas, kan girki, tiyo da abin daidaita fitarsa, duk a lokaci ɗaya. Shi ya sa lokacin haɗa kayan ɗaki ya fi kowane lokaci dacewa, tunda an riga an ware kuɗi, kuma rage akwatin faranti ɗaya da ba za a taɓa buɗewa ba zai biya rabinsa. Na biyu farashi ba ya zama wuri ɗaya. Bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kilo ya haura N1,000, gidaje da yawa a unguwarmu suka jingine tukwanensu suka koma gawayi, kuɗin gawayin ma ya bi sahu. Daga kudu ake ɗauko gas ɗin a manyan motoci, don haka mu na Arewa muna biyan kuɗin hanya. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, wani nau'in gas ne daban zai ɗauko, na masana'antu da tashoshin lantarki, don haka kada a sa rai shi zai cika mana tukunya. Na uku, gas ba ya sallama idan zai ƙare. Yakan ɗauke ana tsakiyar tuƙa tuwon dare. A gidana, mu shida, mai kilo 12.5 takan kai mu kusan wata guda, kuma na koyi rubuta ranar da aka cika a jikin kalanda.

Ta fuskar muhalli kuma, gas daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, ba ya tsirowa. Kowane kilo da aka ƙona yana sakin wajen kilo 3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Sai dai kilo 12 na itacen da zai yi aiki iri ɗaya yana sakin wajen kilo 20. Da a ce kowace bishiyar da aka sare ana maye gurbinta, sabuwar za ta shanye abin da tsohuwar ta saki, itace ya fi gas. Amma duk wanda ya bi hanyar Giwa ko ta Soba shekara 20 da suka wuce ya sake bi yau ya san ba haka ake yi ba. A halin da muke ciki, gas ya fi sauƙi ga daji, ya fi sauƙi ga huhu, da tazara mai yawa.

Saura tsoron Gwaggo, wanda ba na raina shi. Ba mu manta da fashewar da ta auku a wani shagon sayar da gas a Sabon Tasha, Kaduna, a farkon Janairun 2020 ba, wadda ta ci rayuka. Amma idan aka duba irin waɗannan haɗurra, yawancinsu daga abubuwa sanannu suke tasowa: tsohuwar tukunya mai tsatsa, ɗura gas daga wata tukunya zuwa wata a cikin shago tsakiyar jama'a, cikawa fiye da ƙima, tiyo da ya tsage. Duk ana iya kauce musu tun daga wajen saye. A sayi sabuwar tukunya, a duba shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta, domin ƙa'idar ƙasar nan shekara 15 ce rayuwarta. Kwance da aka yi wa sabon fenti ba abin kai wa amarya ba ne, araha ba ta ado. A riƙa cikawa a babbar tashar gas mai sikeli, a duba nauyin tukunyar ba komai, wanda shi ma a rubuce yake a jikinta, a tabbatar abin da aka biya shi aka zuba. Kada a roƙi mai zubawa ya danna ta cika maƙil, da gangan ake barin sarari domin gas yana kumbura idan ya ji zafi. A gida a tsayar da ita a tsaye, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, don haka kicin mai ƙofa a rufe da 'yar taga can sama bai dace da shi ba. Warin da ake ji da gangan aka sa masa don a gane yoyo. In an ji shi, a rufe daga kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Gwajin yoyo kuma da kumfar sabulu ake yi: a shafa a mahaɗa da jikin tiyo, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai matsala.

Tsakanin ƙarama da babba, mai kilo 3 ko 6 wadda ake ɗora tukunyar girki a bisa kanta ta fi araha kuma ta dace da ɗalibi ko gwauro, amma tana da tsayi, babbar tukunya ba ta zama daram a kanta, ga wuta dab da gas ɗin. Gidan da ake sa ran yara masu rarrafe, mai tiyo ta fi, a ajiye ta nesa da wutar, in da hali ma a waje ta bayan taga cikin ɗan keji.

To wanda gas ya fi ƙarfinsa fa, ko gidan mutum 20? Nan ne na ga mun fi sakaci, domin muna ta musu a kan abin da za a ƙona, mun manta da abin da ake ƙona shi a ciki. Akwai kurfoti mai yumɓu a ciki, wanda ke riƙe zafi maimakon ya watsar ta jikin ƙarfe, kuma yana rage cin gawayi da wajen kashi ɗaya cikin uku ko huɗu; yana da 'yar ƙofa a ƙasa da ake rufewa a rage wuta bayan tafasa. Akwai murhun ƙarfe mai suna Save80 da aka daɗe ana sayarwa a Arewa, wanda ke aiki da 'yan ƙirare kamar yatsu, masu shi kuma suna cewa yana rage itace har kashi 80 cikin 100. Tsadarsa ce matsalarsa, sai dai a yi adashi. Mafi sauƙi duka shi ne murhun laka da ake ginawa a tsakar gida, a kewaye wutar, a bar baki ɗaya na sa itace da gurbin da tukunya za ta zauna ta nutse kaɗan. Yumɓu ne da ciyawa da aikin yini ɗaya, kuma ko rabin alkawarinsa ya cika an rage ɗaurin itace. Waɗanda suka ga wahalar kananzir a shekarun 1990 za su tuna murhun garin katako da aka laƙaba wa sunan Abacha. Har yanzu yana aiki ga wanda ke kusa da 'yan katako, sai dai a yi shi a fili saboda hayaƙi. Ana kuma samun curarren gawayi da ake yi da buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko totuwa. A ƙasar masara irin tamu wannan ya kamata ya wadata. Wanda na gwada ya fi jinkirin kamawa kuma ya fi toka, amma ya daɗe yana ci, kuma ba a sare ko reshe ba don shi. Duk inda na gan shi ina saye, ko don masu yin sa su samu ƙarfin ci gaba.

Idan itace za a saya, a tambayi mai faskare wane iri ne. Sassaben darbejiya da turare da mangwaro, waɗanda ake dasawa kuma suke sake tohowa bayan an rage musu rassa, sun fi gungumen kaɗanya ko ɗorawa. Mai sayarwa zai yi mamaki a karon farko, amma ɗan kasuwa abin da ake tambaya yake kawowa. A saya da rani a jibge a inda ruwa ba ya taɓawa, domin ɗanyen itace wani ɓangare na wutarsa wajen busar da kansa yake tafiya.

Akwai kuma 'yan dabarun da ke rage kowane irin makamashi, waɗanda na fi yarda da su fiye da komai saboda ba sa cin ko sisi. A jiƙa wake tun dare. A rufe tukunya. In ruwa ya tafasa a rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi ba ta fi mai sanyi saurin nunar da abinci ba, tururi kawai take ƙarawa. A dafa ruwan shayi sau ɗaya a zuba a filas. Tukunyar matsin tururi, mai murfin da ke kullewa, tana nunar da wake, ganda da ƙafar sa a ƙasa da rabin lokacin da aka saba, kuma ita ce ta sa na daina hura gawayi don waɗannan. Shinkafa ko wake kuma, in sun yi minti 10 zuwa 15 suna tafasa, ana iya sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cusa cikin kwando, ta ƙarasa nuna da zafin jikinta. Na fara yi ne a ranar da gas ya ƙare mini, yanzu kuwa da gangan nake yi, musamman da azumi.

Abin da na ce wa ƙanwata ke nan a taƙaice: su biyu ne, gidan haya za su zauna a Gyallesu, tana zuwa makaranta da safe, don haka gas ne girkinta na kullum, gawayi kuma na ranar da gas ya yanke da na turaren wuta, a kurfoti mai yumɓu, a waje. Da babban gida za a kai ta, da na ce a bar ta da itace a gyara murhun, a ƙara mata ƙaramin gas na shayi da ɗumame. Da za ta riƙa abincin sayarwa, da lissafin ya sake, sai an zauna an auna.

Mun sayi mai kilo 12.5 sabuwa da kan girki mai baki biyu, da tukunyar matsin tururi a maimakon saitin faranti na uku. Ranar jere na haɗa mata da hannuna, na kaɗa sabulu a kofi na sa ta shafa a mahaɗar da kanta har sau biyu. Gwaggo tana tsaye daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba, kuma har yau ba ta sauya ra'ayi ba. Buhun gawayinta ɗaya ta kawo, muka karɓa muka yi godiya. Inna kuwa ta ce duk abinmu, in Allah ya kawo rabo gida za a dawo wankan jego, kuma da itace za a dafa ruwan. Ban yi mata musu ba. Na dai yi magana da wani magini a unguwar, da zarar ruwa ya ɗauke zai zo ya gina wa Inna murhun laka mai gurbi biyu a inda duwatsun murhunta uku suke, ɗaya daidai babbar tukunyar ruwan zafi.